Motar Isufu Ta Yi Shiru

Shekara guda Suwaiba na gane zuwan saurayinta Isufu tun daga bakin kasuwa, saboda rurin jar motarsa. Yau kuwa sai ganinsa ta yi a ƙofar gida, motar ko tari babu.

"Bututun hayaƙin na canja," ya ce, yana wasa da makulli. "Ƙarar tana damun Baba."

Ta kafe shi da ido har ya sunkuya.

"Baba watansa biyu a garin Iferwan," ta ce.

Ta nuna sawun tayoyin da ke rairayin lungun da haɓa.

"Ka toshe mata baki don kada in ji tsayawarka ƙofar ƙawata Halima. Ƙafafunta fa? Su ma an hana su barin sawu?"

Ta zare zoben azurfarsa, ta ajiye bisa motar.