Kore da Ruwan Ɗorawa

"Ajiye min ƙarfen nan, ni na jona shi ya yi zafi!"

"Yaya, minti ɗaya fa zan yi."

"Wa ce yayarki? Tare aka haife mu?"

Baƙuwa ta ajiye ƙarfen liƙi ta koma teburinta sumui-sumui. Uwar Dalma ta bi ta da harara, ta maƙale murya ta ce, "Minti ɗaya fa zan yiii," har da ɗan karkata wuyan nan nata. 'Yan ƙungiyar haɗa na'urori suka kwashe da dariya.

Shekara biyu Uwar Dalma tana riƙe da ɗakin haɗa na'urori na makarantar. Sunan ma a nan ta samo shi, don in ta ɗiga dalma a kan allon na'ura sai ka rantse inji ne ya yi. Bana ce shekararta ta ƙarshe, kuma ɗalibi ɗaya tak Malam zai kai baje kolin makarantu. Kowa ya san kujerar tata ce. Sai ga wannan yarinya an sauyo mata makaranta a tsakiyar zango, da wani akwatin roba mai aika saƙo zuwa salula idan tankin ruwa ya cika. Ran da ta bayyana dabarar, Malam ya cire tabarau ya ce, "Kai, wannan kai ne!" Ita Uwar Dalma, da na'urarta ta ban ruwa ga shuka, bai taɓa cire mata tabarau ba.

Malam ya yanka gwaji uku, kowace Alhamis bayan cin abincin rana. Ƙananan kwamfutocin da ke cikin na'urorin, waɗanda ba su wuce kwalin ashana ba, na makaranta ne, wasu azuzuwan ma da su suke aiki, don haka duk mako sai kowa ya kwance nasa ya sake haɗawa da safe.

Alhamis ta farko Baƙuwa ta wuni tana danne-danne, goshi a tamke. Da aka kaɗa ƙararrawar cin abinci ta bar akwatin a buɗe ta fita. Uwar Dalma ta ce ta manta wani abu, ta dawo ɗakin. A cikin akwatin alluna biyu ne, kwamfutar da kuma mai ɗauke da layin salula, wayoyi biyu ke haɗa su, kore da ruwan ɗorawa. Ɗaya ta magana ce, ɗaya ta sauraro. Duk ɗan ƙungiya ya haddace karatun Malam: bakin wannan a kunnen wancan, in ka haɗa baki da baki an yi ta surutu ba mai ji. Idonta na kan ƙofa, hannunta na cikin akwati, ta zare su ta musanya. Daƙiƙa huɗu.

Baƙuwa ta dawo, ta leƙa ciki, ta ɗan tsaya. Ta ba su baya ta ɗaure murfi. Aka zuba ruwa a bokitin da ke madadin tanki, salular Malam ta yi ƙara. Ya sake cire tabarau.

Wato ta gani ta mayar. Kuma ba ta kai ƙara ba, ko kallon kowa ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi komai cin Uwar Dalma. A gida ta ture kwano, ƙanenta suka sha faɗa a kan silifas ɗin da ba su suka ɗauka ba, har Mama ta taɓa goshinta ko zazzaɓi ne.

Alhamis ta biyu yarinyar ta sake barin akwatin a buɗe, har da juyo shi yana fuskantar ƙofa. Raini ya kai raini. Uwar Dalma ta musanya, ta danna su ciki da ƙarfi yadda za su yi wuyar cirewa. Baƙuwa ta dawo ta leƙa, ta yi murmushi. Salula ta yi ƙara.

Alhamis ta uku Uwar Dalma ba ta ko duba tata na'urar ba. Tun safe take lissafin ƙararrawa, tana satar kallon teburin can. Ta yi aikinta na daƙiƙa huɗu, ta fita ta ci abincin da ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Da aka zo gwaji, famfonta ya tashi ya ƙi tsayawa, don ta manta ba ta soka ma'aunin danshi a cikin tukunyar shukar ba. Ruwa ya cika tukunya, ya bi tebur, ya sauka cikin takalmin Malam. Yana tsaye da ƙafa ɗaya yana matse safa, salularsa ta yi ƙara a aljihu: tanki ya cika.

Ba a ɓata lokaci ba. Ya rubuta sunan Baƙuwa a takardar baje koli, Uwar Dalma na kallon bakin alƙalamin har ya sa hannu.

"Zo nan gaba," in ji Malam. "Sau uku ba kuskure. Faɗa wa yayyenki sirrin, ko sa ƙaru."

Baƙuwa ta fito tana murza yatsu, wuya a karkace.

"Wallahi Malam ba wani sirri. Ni dai in na haɗa shi da safe, ko motsi ba ya yi. Sai in bar shi a buɗe ya sha iska in tafi cin abinci. Kafin in dawo, wayoyin sun gyara zamansu da kansu."