Masunci da Wayar da Ta Fi Ƙarfin Kwalekwale

Tunda ka tambaye ni ko wayar nan mai tsada ta ci kuɗinta, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani masunci, in ya so kai ka yanke wa kanka hukunci.

Mutumin nan a wani babban dam yake su. Yana da wata 'yar waya mai madannai, irin wadda yara ke kira rakani-kashi. Lambobinta sun goge, murfinta da kyauro aka ɗaure, kullum tana ƙulle a leda, rataye a wuyansa kamar laya. Ta sha faɗawa ruwa a bakin gaɓa. Ya tsamo ta, ya shanya ta a kan dutse tare da taru, ta farfaɗo ta ci gaba da aikinta. Aikin nata kuwa ɗaya ne. Ka san kifi ba ya jiran kowa, da ya bar ruwa ya fara tafiya. To in ya yi kamu, tun yana tsakiyar ruwa zai kira wata Hajiya mai sarin kifi daga birni, ya gaya mata gaɓar da zai fito, kafin ya iso ta turo mota da ƙanƙara. Da wannan kira yake cin tuwonsa. Hajiyar nan ta sha ce masa, "Malam, ranar da Allah ya ba ka giwan ruwa, ko ina kan sallaya ne ka kira ni." Shi kuwa ya daɗe yana jiran wannan rana.

Ana nan sai ya ga samarin masunta suna ɗaukar hoton kifi suna aika wa masu saye, ƙarfasa ta fito a hoto tana sheƙi sai ka ce an shafa mata mai. Abin ya shiga ransa. Ya tattara abin da ya samu a damina, ya shiga birni, ya ce a ba shi wadda ta fi kowace. Aka ba shi. Kuma tsakani da Allah waya ce, ba a yi masa algus ba. Hoto tar, murya tar, mai shago ma ya rantse masa ko ta faɗa ruwa ba abin da zai same ta. Ya sa aka juye masa layinsa da lambobinsa a cikinta, tsohuwar kuwa ya kyautar da ita ga wani baƙo, har yana jin kunyar a ce tasa ce.

Ranar farko da ya shiga kwalekwale da sabuwar, bai yi su ba, gadi ya yi. Hannu ɗaya a taru, ɗaya a aljihu. Igiyar ruwa ta ɗan taso, ya ƙara damƙe aljihun. Zai ɗauko wayar, ya duba hannunsa, duk yauƙi da ƙarni, sai ya fasa. Rantsuwar mai shago kuwa ba ta hana waya nitsewa, kuma ba wanda ya taɓa tsamo abu daga ƙasan dam ɗin nan. Da ya dawo ya yi shawara da zuciyarsa, ya ga ai abu mai daraja ba a kai shi bakin halaka. Ya naɗe ta a tsumma mai tsabta, ya sa a ƙarƙashin matashi. Tun daga ranar ita ke kwana a ɗaki cikin inuwa, shi ke fita rana. In ya dawo da yamma ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauke ta, ya ga kiran Hajiya ya jeru, ya kira ya ba da haƙuri.

To rannan ya yi nisa can ƙuryar ruwa, inda ba kowa sai tsuntsaye, sai taru ya yi nauyi. Ya ja, abu ya ja shi. Suka yi ta fama har ya samu ya mirgino shi cikin kwalekwale. Giwan ruwa ne, ƙato, tsawonsa ya kusa nasa. Murna ta kama shi, hannunsa ya tafi wuya da kansa, ya shafa, babu komai sai fata. Can daga nesa ya hango wani masunci, ya tuƙa wurinsa ya roƙi aron waya. Aka miƙo masa. Ya riƙe ta yana kallo, don lambar Hajiya ba ta kansa, tana can ƙarƙashin matashi. Haka ya kama hanyar gaɓa, rana tana dukan kifin, yana yayyafa masa ruwa yana tuƙi, ransa a ɓace. Kafin ya iso motocin sari duk sun tashi, cikin kifin ya kumbura, ƙudaje sun riga kowa tayi. Masu banda ne suka karɓa a wulaƙance, suna toshe hanci, suka daddatsa shi a gabansa. Ya koma gida ya ɗaga matashi, ga wayarsa lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ko hoton kifin bai samu ya ɗauka ba.

Ni dai ban ce wayar ba ta da kyau ba. A hannun mai ɗaukar hoton biki da tuni ta mayar da kuɗinta. Amma kafin ka saya, tambayi kanka ko za ka iya shiga da ita inda kake neman abincinka. Shi masuncin nan hoto ya je nema, ya dawo ko kiran ma babu. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.