Ziyarar Inna Tabawa a Gidan Yaye

Tun da majalisar jiha ta kafa dokar yaye, an daina kai yaro gidan kakarsa. Ranar da aka cire shi daga nono motar gwamnati take zuwa ta ɗauke shi ta kai shi Gidan Yaye, sai ya shekara shida a dawo da shi. Mutum ɗaya ake bari ya je ganinsa a wata.

Wannan watan uwar Sagir ta bar wa mahaifiyarta, Inna Tabawa. Aka fito mata da jikan nata cikin farar riga, ya yi ɓulɓul. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar babba.

"Angona, ka guje ni ko?" ta ce tana dariya. "Ba cefane, ba zane. To, na yi sabon miji."

Ta jira ya turo baki ya ce wa zai auri mai furfura, yadda jikoki ke yi. Sagir ya dube ta kawai.

"Ni ba mijinki ba ne. An ce in babba ya faɗa mana ƙarya mu danna nan."

Ya danna maɓallin da ke wuyan hannunsa. Malamar da ke kula da su ta zo ta rusuna.

"Ki yi haƙuri, Inna, ziyara ta ƙare. Ba za a sake barinki ba sai baɗi."

"Wasan jika ne fa, 'yar nan."

"Na sani, Inna. Ni ma kakata ce ta yaye ni."

Malamar ta juya ta liƙa wa Sagir tauraron yabo a ƙirji. Sai a lokacin Inna Tabawa ta ga murmushinsa.