Ranar Ɗauko Hannatu

Constance ta ajiye mota a bayan ginin kamfanin da ke Germantown, ta zaro ƙarfen kwance taya daga ƙarƙashin kujera, ta tura shi cikin hannun rigar sanyinta. Lahadi ce da hantsi, cikin watan Nuwamban 1986. A daidai lokacin mijinta Davou yana coci a Lanham, yana riƙe mata wurin zama.

Constance ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos mazauniyar ƙasar waje. Shekara goma sha biyu tana ɗaure raunukan mutane, ba ta taɓa ji wa kowa ciwo ba.

Shekara uku ke nan da aka kawo 'yarta Hannatu wannan gini. Tana da shekara shida sankarar jini ta kama ta. Likitanta, Dokta Whitcombe, ya ce a cikin ƙwayoyin halittar yarinyar akwai abin da bai taɓa gani a jikin mutum ba, abin da za a iya haɗa magani da shi. A barandar asibiti ya miƙa wa Davou takardar amincewa. Davou ya sa hannu yana kuka, bai karanta ba. Bayan wata biyu likitan ya bar asibiti, ya buɗe kamfaninsa.

Constance ta rubuta wa kamfanin wasiƙu, ta buga waya har suka daina ɗauka. Lauyan da ta samu ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau. Ya ce tun da kotun ƙoli ta yanke cewa abu mai rai ma ana yi masa rajistar mallaka idan hannun mutum ya sarrafa shi, kamfanoni suke rububi. Na Whitcombe ya riga ya nemi takardar mallakar abin da ya gano. Idan ta fito, shekara goma sha bakwai ba mai cewa uffan.

Ranar Juma'a ta haɗu da mai gadin kamfanin a kantin kayan miya. Baba Karimu, dattijo ɗan Kumasi, ba da wata manufa ba ya gaya mata cewa ranar Litinin za a mayar da Hannatu wani gida a Rockville, mai ƙofofin ƙarfe da masu gadi da bindiga.

Shi ne yau ma a bakin ƙofa. Ya buɗe mata da fara'a, ya tambaye ta lafiyar maigida. Da ya ga idonta, fara'ar ta ɗauke.

"Baba, ba ni makullan ƙasa."

"Sista, ki yi wa Allah ki koma gida. In na ba ki, ni za a ɗaure."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ba za ka ba ni ba."

Ta san inda za ta buga mutum ya faɗi bai mutu ba. Duk da haka ƙarar ƙarfen a bayan kunnensa ta ratsa ta har haƙori. Ya zube kan tebur, hularsa ta mirgina, jini ya bi wuyan rigarsa. Ta juya shi gefe don kada ya shaƙe, ta taɓa jijiyar wuyansa, ta cire makullan daga ɗamararsa.

Ba ta yi zaton samun kowa a ƙasa ba. Whitcombe yana can da riga mai gajeren hannu, yana cike takardun tafiyar gobe. Ya ga ƙarfen, ya ga jinin da ya ɓata shi, ya miƙa hannu wajen waya. Ta sauke masa shi a kan yatsu. Ƙashi ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Ya kama gashinta da ɗaya hannun, ya haɗa fuskarta da bakin tebur, leɓenta ya fashe. Ta rama a gwiwarsa, sau biyu, har ya daina ƙoƙarin tashi.

"Tana ina?"

Ya nuna ƙofar ƙarshe da haɓa. Tana sa makulli, ya ja jiki ya biyo ta da gwiwar hannu.

"Ki saurare ni. In kin fitar da ita daga ɗakin nan, ba za ta kai awa ɗaya ba. Babu irinta a duniya. Yara dubu nawa ne za su rayu saboda ita?"

Constance ta tsaya. Ta yi jinyar irin yaran nan, ta san sunayen wasunsu, ta san kuma ba ƙarya yake yi ba.

"Da ka tambaye ni," in ji ta, "wataƙila da na ba ka."

Ta shiga. Sanyin ɗakin ya ƙone mata yatsu. Ta kwance zanen goyon da ta ɗaura a ƙugu, ta naɗe ta a ciki, ta rungume ta a ƙirji. Ta tsallake likitan. A sama ta ɗauki wayar mai gadi ta kira motar asibiti, ta ce mutum biyu ne, ɗaya ya bugu a kai.

Ta kama babbar hanya a hankali, hannu ɗaya a sitiyari, jini na ɗiga daga haɓarta. A Lanham ta wuce cocin, ta wuce gidansu, ta shiga wata ƙofa mai itatuwa a jere. Ta taka cikin ciyawa har inda take zuwa kowace Asabar, ta durƙusa, ta haƙa ƙaramin rami da ƙarfen. Sannan ta warware zanen, ta jera ƙananan kwalabe shida na daskararrun ƙwayoyin halittar 'yarta, waɗanda suka fara narkewa, a gindin dutsen kabarinta.

"Hannatu," ta ce, "ga sauran jikinki na kawo miki."