Rediyo a Ƙirjin Tsohon Soja

Sai da rana ta juya layi ya iso kan tsohon sojan. 'Yarsa tana sa ran a ba shi na'urar ji, don tun da harsashin igwa ya fashe kusa da shi bai ƙara jin muryar kowa ba. Masoyan mawaƙin da ya shirya tallafin suka ɗora masa ƙaramin rediyo a cinya, cike da waƙoƙin gwaninsu.

"Bayin Allah, kurma ne fa!" in ji ta.

"Bari dai ya ji waƙa ta uku, Anti. Sai ya yi hawaye."

Ta sunkuya za ta mayar musu, ta tarar ya kunna, ya manna shi a ƙirji, idonsa rufe.

"Bar min abina," ya ce. "Haka motarmu take karkarwa da safe, lokacin muna mu tara, kowa da ransa."