Makiyayin da Ya Ƙi Tashi

Ka ce ba ka ga laifin mutum ya kwashe duk abin da ke gabansa ba. To, saurara.

A wata fadama akwai makiyaya masu wata ƙa'ida tun kaka da kakanni: ranar da ciyawa ta kasa rufe kofaton saniya, sai a kwance bukkoki a yi gaba, a bar wurin ya huta. Wata shekara lokacin tashi ya yi, kowa ya ɗaure kaya, ban da mutum ɗaya. Ya dubi shanunsa sun fara sheƙi, ya dubi guntuwar ciyawar da ta rage, ya ga in sauran suka tafi ta zama tasa shi kaɗai, ga shi doguwar tafiya ramar da dabba take yi. Kawunsa ya dogara sanda ya ce, "Ɗan nan, ƙasa ma tana son sutura." Ya ce, "Kawu, yaushe ƙasa ta fara jin kunya? Ku sauka lafiya." Shanu suka cinye ganye suka koma kan tushe, tumakinsa suka bi baya suna tumɓuke saiwa, har fadamar ta zama fili fetal.

Irin wannan wuri fara take nema. Ba ta son duhun ciyawa da sanyinsa; ƙasa tsirara mai ɗumi take so, inda za ta binne ƙwai. Ta zo ɗai-ɗai, ba hayaniya, ta binne. Mutumin yana ganinta bai kula ba. Ya ƙarasa rani da ƙyar, yana cewa da ruwa ya sauka komai zai daidaita. Ruwa ya sauka, tsiro ya leƙo. Amma ruwan da ya tada ciyawa shi ya ƙyanƙyashe ƙwan. 'Ya'yan fara suka fito ko fiffike ba su yi ba, sai ka ce ƙasa ce ke tafiya, suna aske tsiron kafin saniya ta kai baki. Sai a lokacin ya so tashi, amma garken ba shi da sauran ƙafar tafiya. Da 'yan'uwansa suka dawo, suka iske shi yana kama wutsiyar saniya yana ɗaga ta, ita kuwa tana komawa ƙasa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba akan samo rama.