Tsumma a Bakin Injiniya

Haulatu tana goge murhun gas ta ji kalmar ta fito daga falo da muryar mijinta, tar kamar an buga kwano: "Tsumma."

Ta dubi tsohuwar singiletin da ke hannunta, sannan ta leƙa. Badaruddeen yana zaune gaban kwamfuta, kwat da nakatayal a sama, wandon barci a ƙasa. Ya miƙa hannu yana nuna ƙofar kicin ɗin da take tsaye. A fuskar kwamfutar wasu Japanawa biyu suka gyaɗa kai suna murmushi.

Ta koma ciki a hankali. Wato sunan da ya raɗa mata a wajen baƙi ke nan.

Tun da ya samu labarin shirin nan gidansu na unguwar Bin Mahmud, a nan ƙasar Larabawa, ya daina zama gida. Wai wata jami'a ce a Japan ke ɗibar 'yan ƙasashen waje masu digiri, ta horar da su aikin kwamfuta na masana'antu, in sun gama a ba su aiki a inda ake ƙera motoci da injuna. Shi ke nan Injiniya ya susuce. Mutumin da ko kawunsa sai ya ga dama yake rusuna wa, ga shi yana lanƙwasa baya gaban gilashi. Shinkafa da wake ma da tsinke biyu yake ci, rabi a baki, rabi a kan ledar da ita za ta share.

Da safe ake kiransa, don can rana ta riga ta yi nisa. Duk hirar da yarensu ake yi, amma kunnen Haulatu ba na ado ba ne. Tsumma kullum sai ta fito. In za su rabu kuma sai ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Mata ne." Su ma su mayar masa. Har Hausa ya koya musu don a ji daɗin yi da ita.

Ba ta tambaye shi ba. Ita ba mai doguwar magana ba ce, shi kuma ba ya faɗin abu sai ya tabbata, wai tsoron baki. Ta dai san matsayinta. A aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya. In an taru suna ko walima a unguwar Al-Sadd, da ta zauna sai matan likitoci su juya harshe zuwa Turanci. Bilqis, matar abokinsa, ita ce ta taɓa dafa mata kafaɗa ta ce, "Japan? Ƙanwata, ai can ko gaisuwa sai da digiri. Ki fara haɗa kayanki, Hajiya na jiran mai dama mata kunu."

Hajiya, uwar mijin, a Jos take.

Sai ga shi ya karɓi fasfonta bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu ya dawo daga kasuwar Asian Town da rigar sanyi mai kauri da takalmi sau-ciki, a garin da za a iya soya ƙwai a kan kwalta. "Gwada mu gani, Haula," ya ce. Ta gwada, ta yi godiya. A ranta ta ce, kayan sallama. Tsumma ma in za a jefar da shi akan naɗe shi.

Ranar zaman ƙarshe ya tashi yana rawar jiki. Ya fesa turare, kamar ƙamshi na bin waya. "Yau da shugaban shirin ne da kansa," ya ce. "Waɗannan mutanen ba sa jiran kowa. In ka makara, khalas, shi ke nan. Ki yi mana addu'a."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, idonta a ƙasa.

Na'urar intanet ɗin gidan a kicin take, a saman firji. Haulatu ta tsaya tana kallon koren fitilunta suna ƙyafta ido. Daga falo ta ji an gama gaishe-gaishe. Ta ji muryarsa ta yi laushi, irin laushin da bai taɓa yi mata a gaban mutane ba. Sai kuma kalmar nan ta zo, har da nanatawa.

Ta sa tsumman hannunta ta kama fulogin, ta zare.

Ta ji kujera ta faɗi. Ta ji yana salati, yana laluben waya, yana neman haɗa kwamfutar da ita. Kafin ya samu shiga an rufe zaman. Ta mayar da fulogin, ta wanke hannu, ta zuba shayi a kofi ta kai masa, fuskarta kamar ta jariri.

Ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya kwance nakatayal. Babban Injiniya, ga waya ɗaya ta fi ƙarfinsa.

"Bar shi, Haula," ya ce. "Haka Allah ya so. Ni ke nake ji wa, ga rigarki har an saya. Ai tun watan jiya suka ɗauke ni, ni kaɗai, na ce ba inda za ni. Yau ne shugaban zai yanke ko su ba mu gida da biza mu biyu, ko a ba wani gurbin. Har bakina ya gaji da tsuma, tsuma."

Ta dube shi. "Mece ce tsumma?"

"Matata," ya ce, yana miƙo hannu ya karɓi shayin. "Haka suke faɗinta da yarensu."